Daga Cikin Bango, Bayan Firiji

Zuwa ga Ƙaltume, sanyin idona, dabinon Khaibar da ya nuna a kan reshe, na'anar Madina a cikin shayina, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take tsaka. Amincin Allah ya tabbata a gare ki.

Kada ki firgita don kin ga takarda ta leƙo daga ƙarƙashin firiji. Ni ne, Mahmudu magini, ina cikin bangon kicin ɗinku tun hantsi. Da fensirin aiki nake rubutu a bayan takardar buhun siminti, ki yafe mini ƙurar.

Zan faɗa miki yadda aka yi, amma sai mun biya ta Ingila. Kin san na yi aikin gada a hanyar Khaibar a hannun wani Bature, Mista Ambros, wanda bai taɓa taka cikin Madina ba tunda ba Musulmi ba ne. Shi ya ba ni labarin kakanninsa. Shekara wajen ɗari biyar da suka wuce, sarkin ƙasarsu ya ɓata da Paparoma, aka sauya wa mutane coci, aka ce kowa ya bi sabuwa. Wasu 'yan Katolika suka ƙi a zuci. Su je sabuwar cocin su zauna kamar kowa, wani har da ulu a kunne don kada wa'azi ya shige shi. A gida kuma su gina ɗan ɗaki a cikin bango, bayan murhu ko ƙarƙashin matakala, su ɓoye limaminsu in masu bincike sun zo. Da haka addininsu ya rayu, daga kaka har tattaɓa-kunne. Wallahi ina ji na ce waɗannan mutanena ne. Ba a aƙida ba, Allah ya tsare, a taurin kai.

To me nake yi shekara shida in ba wannan ba? Kin tuna ranar nan a Uhudu, da kika tsaya gaban rumfa kika tambaye ni kuɗin na'ana, kin ɗauka ni ne mai ita? Muryarki ta ɗauke mini hankali, na kwashe dami uku na ba ki kyauta, mai rumfar ya dawo ya bi ni da takalmi har gindin dutse. Tun ranar muke wasiƙa ta hannun yayata. Kowace Juma'a kuma ina zaune a majalisar yayanki Audi, ina shan shayi, ina gyaɗa kai ga zancen ƙwallo, jikina wurinsu, zuciyata bayan labule. Ban taɓa buɗe baki na ce masa komai a kanki ba.

Sai ga saƙonki makon jiya: khalas, an gama, in ƙone wasiƙunki. In ƙone? Wasiƙa tamanin da huɗu, har da wadda kika ɗiga wa miya? Da Audi ya ba ni aikin faɗaɗa kicin, sai na tuna kakannin Ambros. Na bar rami a bango, na yi masa murfi na shafe da fenti, na zuba wasiƙun. Ambros ya ce ramin da bai ɗauki mutum ba, ba rami ba ne, shi ya sa na shiga gwaji. Ina jan murfin sai ga motar kaya, ƙarti huɗu suka shigo da sabon firiji suka jingina shi daidai ƙofata. Da na yi ihu da sun ji. Amma me zan ce wa Audi? Sai na yi abin da na fi gwaninta a kai, na yi shiru.

Ya hasken unguwar Harra ta Yamma, injin nan yana hura mini zafi a ciki kamar tanderu. Dabino uku ne a aljihuna, saura ɗaya. Na yi taimama da bangon da na gina da hannuna, na yi azahar a zaune, gwiwa a haɓa.

Bayan la'asar kika shigo da Lauratu, matar Audi, kuna yanka albasa. Na ji komai, ki gafarce ni. Kika ce ba ni kika gaji da shi ba, takarda kika gaji da ita. Kika ce mutumin da ke ɗaga bene hawa uku ya kasa ɗaga harshensa gaban yayanki, kuma in Juma'a ta wuce bai yi magana ba, za ki karɓi aikin koyarwa da aka ba ki a Tabuka. Sannan kika sha ruwa, kika maida ƙofar firijin da ƙarfi har hancina ya shaida.

Na yi kuka, Ƙaltume, ba kuma albasa ba ce. Mutanen Ambros igiyar rataya ke jiransu a waje, dole su shiga bango. Ni wa yake farautata? Audi? Mutumin da ya yi kwana biyu bai ci abinci ba don tattabararsa ta karye a fiffike? Ba wanda ya hana ni ke. Ni na haramta kaina, ni na ɓoye kaina, ni kuma nake binciken gidan.

Kada ku gwada ture firijin ke da Lauratu, za ku ji ciwo. Ki kira Yaya Audi, ki ce akwai mutum a bango yana da magana da shi. Amma ki hana shi taɓa firijin sai ya saurare ni. Daga nan ciki zan nemi aurenki, domin na san halina: in na fito muka haɗa ido, gaisuwa zan yi in tafi gida.

Naki a cikin bango da wajensa, har ranar da za a gina mini ramin ƙarshe,

Mahmudu Ashafa