Kalmar Tauhidi ta Hana Ni Sa wa Ɗana Albarka

Malam mai ba da shawara, ina gaisuwa. Ka taimake ni, wata kalma ce ta tsaya mini a wuya.

Ni tsoho ne, ban yi boko ba, ban yi allo ba. 'Yata Saude ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Muna wani ƙauye a ƙasar Roni, cikin duwatsu. Ina cikin waɗanda suka fara sujada a gindin gawo tun ba mu da majami'a. Na san wanda ya fara karɓar baftisma, na san inda aka binne kowa. Waƙoƙin da muka tsara da bakinmu, waɗanda ba su cikin littafin waƙoƙi, a kaina suke. In fasto bai zo ba, ni ke jan addu'a.

To, ɗana na fari, ba zan kama sunansa ba, dattawan ikkilisiya sun zaɓe shi ya tafi karatu shi da matarsa. Na yi murna, har na yanka zakara. Sai da aka gama ci na tambayi sunan makarantar, ya ce kwalejin tauhidi.

Tauhidi na san shi. Maƙwabcina Malam Lauwali tauhidi yake karantar da manyan ɗalibansa a zaure, tun kafin mulkin kai nake jin kalmar ta kan katanga. Mutumin kirki ne, rijiyarmu ɗaya, shekarar fari hatsinsa muka ci. Amma karatunsa nasa ne. Yaya za a ɗauki ɗan mai bin Almasihu a kai shi koyon tauhidi, a ce wai fasto zai dawo? Bayan mulkin kai gidaje da dama daga cikinmu sun musulunta, har da ƙanena. Ba mu yi faɗa ba, har gobe ina cin tuwon sallarsa. Sai dai na ga yadda tabarmin sujada suka ragu, kuma ba na son in kai nawa ɗan can da hannuna.

Yaron ya ce ban gane ba. Faston da ke zuwa mana a kan babur, wanda aka naɗa shekarar da motoci suka koma hannun dama, shi ma ya ce ban gane ba, yana dariya. Ni ba a yi mini dariya a kan abin da kunnena ya ji. Na ce ba zan sa albarka ba, shi kuma yaron ya ce ba zai taka mota ba sai da albarkata. Da an gama yankan dawa za a buɗe makarantar, in bai je ba a ba wani gurbinsa. Yanzu a gona ba ma magana sai ta aiki. Ko da ma karatun namu ne, wa ya ce ba zai dawo yana jin kunyar waƙoƙina ba? Saude tana hararata, na ce ta rubuta haka nan.

Ni ne,
Tsohon Gindin Gawo.

AMSA

Baba, ina gaishe ka da girmamawa. Kunnenka bai yi ƙarya ba, kalmar da ka ji a zauren Malam Lauwali ita ce ɗanka ya faɗa. Daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma da masu bi suka nemi sunan da za su ba karatun sanin Allah, ita suka ɗauka. Kowace makaranta da abin da take koyarwa a ƙarƙashinta. A kwalejin da za a kai ɗanka, Littafi Mai Tsarki zai karanta, da tarihin ikkilisiya, da yadda ake wa'azi da kiwon jama'a. Ka duba, addu'ar da kake ja ranar Lahadi, ai shi ma Malam Lauwali addu'a yake kiran tasa. Haka zunubi, haka mala'ika. Ka daɗe kana tarayya da shi a kalmomi, ba ka kuwa bar gindin gawo ba.

Dariyar da fasto ya yi maka kuskure ne. Dattijo ya yi tambaya, bayani ya kamata.

Tsoronka na biyu ya fi na farko nauyi, ba zan ce babu shi ba. Akwai masu dawowa daga karatu suna raina abin da suka tarar. Amma riƙe shi a gida ba zai tsare waƙoƙin ba. Kai kaɗai ke da su, kuma ikkilisiyarku tana bukatar makiyayi ɗan gida wanda ya san kabarin kowa. Wannan shirun na gona ka kashe shi da waƙa. Kuna yankan dawa kana rerawa yana amsawa, kana faɗa masa sunayen mutanen farko, har su zauna masa. Wanda ya tafi da su a baki da wuya ya ji kunyarsu.

Sannan kada ka tsaya a maganata. Ka raka shi ranar tafiya, ka zauna a bayan aji ka ji da kunnenka, tun da kunnen ne ka yarda da shi. Irin waɗannan makarantu sukan yi karatun rani domin dattawa da sauran masu bi da ba fastoci ba. Ka tambaya ko akwai, mai jan addu'a irinka yana da wuri a ciki.

Kada ka bari a kai dawa rumbu ba ka kira shi ba. Ka ɗora masa hannu ka sa masa albarka. Ita ma albarkar, Baba, ka sha jin ta ta kan katanga, ba ka taɓa jin tsoronta ba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya nuna maka ranar da ɗanka zai ja sujada da waƙarka.