Mace ta Shida a Takardar Hiu-tung

Yuen Long,
Ashirin ga watan farko na shekarar gargajiya.

Zuwa ga Yayata Sau-lan,

Ina miƙo gaisuwar ƙanwa ga yayarta cikin ladabi, da fatan sanyin Newcastle ya sassauta wa gwiwoyinki, kuma maigidanki ya rabu da tarin da kika ambata. Kowace safiya idan na kunna turare a gaban gunkin Kwun Yam mai jinƙai, sunanki ne ke bin na marigayi mijina. Mu nan jikinmu lafiya. Ba zan ce fiye da haka ba, domin wata ƙarya ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ba na so in buɗe wasiƙar da ta biyu.

Kin san da 'yata Hiu-tung ta rasa makin shiga jami'a, kwalejin al'umma ta shekara biyu ta shiga, tana karanta doka da manufofin gwamnati, da burin jami'a ta karɓe ta idan sakamakonta ya yi kyau. Baffa na Uku, ƙanin surukina mai kula da zauren kakanni, yakan tare ta a hanya ya ce ga alƙaliya ta dawo daga makarantar waɗanda suka faɗi. Ita kuwa takan rusuna ta ce masa ai ko a can dokar ɗaya ce, ba a buga wa faɗaɗɗu tasu daban ba. Nakan tsawata mata a gaban mutane, amma a ciki daɗi nake ji.

A zangon da ya wuce malaminsu ya ce kowa ya zaɓi doka guda, ya je ya tambayi waɗanda take shafa. Ta zaɓi tamu, wadda ta ba 'ya'ya maza na dangin asali izinin gina gida a ƙauye, ta bar mata a waje. Ta zauna da mata shida, ta sakaya sunayensu da lamba. Ni ce ta shida. Muna tsinke wake a kicin ta tambaye ni, na hana ta naɗar muryata, na kuma ƙi sa hannu a takardar amincewa, na ce babu sa hannu tsakanin uwa da 'ya. Sannan bakina ya buɗe. Na ce shekara ashirin da biyu ina share tokar turare a zauren gidan Pang, dangin mijina, ina wanke kwanonin bikinsu, amma da na haife ta babu wanda ya rataya mata fitilar da ake rataya wa 'ya'ya maza, alhali jikokin Baffa da aka haifa a Ingila, waɗanda ko gaisuwa ba su iya da harshenmu ba, kowanne da fitilarsa da filinsa. Ta rubuta da hannu. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, har ke.

Takardar ta ci maki mafi girma a ajinsu. Da Turanci take, ni kuwa ba na karanta shi, na ɗauka duk maganar manyan dokoki ce. Ranar da ake kunna wa jarirai maza fitilu, na ɗauke ta daga teburinta ba da saninta ba, na ɗora a kan jar takarda a gaban allunan kakanni domin marigayi mahaifinta ya gani. Na ce wa kaina godiya nake yi. Da na binciki zuciyata daga baya, sai na tarar so nake matar Baffa ta ga makin nan ta yi shiru. Wannan alfahari shi ne laifina na farko.

Ana tsakiyar cin abinci Kam-fai, ɗan Baffa da ya zo hutu daga Ingila, ya ɗauko ta yana fassara wa jama'a da ƙarfi. Da ya zo kan Mace ta Shida, wadda mijinta ya rasu, mai 'ya ɗaya, mai share zaure, duk tebur ya juyo. Baffa ya ajiye tsinken cin abincinsa ya ce, "Matar Kwok-leung, ashe tsintsiyar taki tana da baki?" Aka yi dariya. Yaya, ni da na durƙusa a gidan ibada na ɗauki alkawura biyar, na huɗunsu kada in yi ƙarya, ni da ba na taɓa nama ranar ɗaya da sha biyar ga wata, na ce ban taɓa faɗin haka ba, yaran yanzu abin da zai kawo maki suke rubutawa. Na zuba masa shayi da hannu biyu na ba shi haƙuri. Hiu-tung tana bakin ƙofa da kwanoni a hannu. Ta ajiye su a hankali, ta ce, "To, Mama." Tun ranar tana wurin wata ƙawarta a Sham Shui Po, ba ta ɗaga wayata.

Kam-fai bai tsaya nan ba. Ya rubuta wa kwalejin cewa ta ƙirƙiri shaida, kuma mahaifiyarta da kanta ta ƙaryata ta a gaban mutum tamanin. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna. Idan suka yarda da shi, za a soke makin, a sa tabon a takardunta, jami'a kuwa ta rufe. Sauran matan biyar sun yi tsit. Mei-kuen, wadda ta faɗi abin da ya fi nawa zafi, yanzu idan ta hango ni a kasuwa sai ta duƙufa tana zaɓen kabeji. Ina jin haushinta, sannan in tuna ita shiru kawai ta yi, ni ce na yi magana.

Zan je ranar Alhamis. Baffa ya aiko matarsa ta ce idan na taka ƙafa can, in maido mabuɗin zaure. Na riga na sa shi a ambulan. Har yanzu ban sani ba ko don gaskiya zan je, ko don 'yata ta sake kirana, ko kuma alfaharin ne ya sauya riga. Na tambayi kaina a gaban turare kwana biyar ban samu amsa mai tsabta ba, amma kwamitin ba zai jira zuciyata ta yi tsarki ba.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ke tana ɗaga wayarki. Kada ki nema mini gafara, ban cancanta a nema mini ta bakin wani ba. Ki ce mata kawai zan zo da ƙarfe goma da katin shaidata, ta kawo takardar da na ƙi sa wa hannu.

Ki gaida maigidanki, da ɗanki Chun-kit da amaryarsa, da ƙaramar Lok-yiu wadda ita ma ba a rataya wa fitila ba.

Ƙanwarki,
Sau-han, Mace ta Shida