Ordinatar Baban A'i

Litinin, 5 ga Afrilu 2010

An ɗauke kuran, wutar lantarki, tun kafin azahar. Ondilar, akwatin da ke riƙe wa kwamfuta wuta, ta kama kukanta, ni kuma ina zaune gabanta da 'yar wuƙar takaba a hannu kamar mai jiran ɓarawo. Ordinatar Baban A'i, kwamfutarsa, ba ta mutu ba tukuna. Shi ya kunna ta da hannunsa safiyar da ya hau moto zuwa Ɗan Barto, ya ce kar a taɓa, yanzu zai dawo. Gawarsa aka kawo mini. Ba wanda ya san kalmar da yake buɗe ta da ita. In ta mutu sau ɗaya, ta rufu ke nan.

Tsohon batirin mota da ya haɗa wa ondilar ne ke riƙe da ita. Shi ma ya fara gajiya.

Alhamis, 8 ga Afrilu

Aikin rediyo ya bari a buɗe, hirarsa da tsofaffin Kurni kan farin bana. A ƙarshe ya manta bai kashe mikro ba. Ana jin kujera ta yi ƙara, ya yi gyaran murya, sai ya ce, "Sa'a, ɗan ba ni ruwa." Na danna wurin nan yau har yatsana ya yi ciwo.

Asabar, 17 ga Afrilu

Ƙanena Sani ya zo da shawarwarinsa, shi da ko rediyo ba ya iya gyarawa. Gurub, janareta ke nan, in ji shi, sai esans kullum, ga ƙara. Fano na hasken rana sai an je Damagaram, kuma tun da sojoji suka hau mulki kowane shinge sai an kwance kaya. Saura batirin kamiyo, babbar mota, sabo. Na ce nawa, ya ƙi faɗa, ya dubi akuyata.

Ya ciro kile, ɗan filashin nan, daga aljihu ya kwashe muryar. "Yaya, ga shi nan an adana. Ki bar ta ta huta." Na ce ya sa mini a salularsa in ji. Ya sa. Muryar ce, amma tana tsayawa daidai kan "ruwa". A ordinatar kuwa akwai saura: numfashi, irin na wanda ya yi magana yana jiran amsa. Sani ya ce fankar ciki ce. To, fanka.

Talata, 20 ga Afrilu

Gidan da ke kallonmu su ma sun tafi Kano, sun jingina ƙaya a ƙofa. Da rana tsaka unguwar tsit, ko zakara babu.

Juma'a, 30 ga Afrilu

Inna, uwar Baban A'i, ta kama ni. Tana shigowa da tsintsiya ya ce a ba shi ruwa daga cikin ordinatar, ni kuma na ce na'am. Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya saba. Tsintsiyar ta faɗi. Ta ce, "'Yar nan, mai takaba ba ta amsa kiran da ba ta ga mai yinsa ba. Mene ne amfanin wuƙar da na ba ki?" Na ce Inna, inji ne fa. Ta ce ɗanta ne ko ba ɗanta ba, ita dai ta ga an rufe shi da ƙasa.

Na ji haushinta. Na fi jin haushi da ta ƙi sake shiga ɗakin.

Lahadi, 9 ga Mayu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Bayan numfashin yanzu akwai wata murya, can ƙasa-ƙasa, ta ce na'am. Tawa ce. Na yi ta tunani ko ran nan da yana raye na amsa daga madafa, mikro ya kama. Zai yiwu. Amma me ya sa a da ban taɓa ji ba?

Batirin ya kusa kasawa yau, kukan ondilar har ya haɗe wuri guda kafin kuran ya dawo. Na aika wa Sani ya zo ya ja akuya ranar kasuwa. Nononta A'i ke sha da ɗan kunu tun da gero ya gagara. Na san haka. Na aika.

Laraba, 12 ga Mayu

Na ɗebo ruwa a kofinsa na ajiye kusa da ordinatar. A'i na bayana tana jan zanena, ita ma ruwan take nema, sai da na ajiye nasa na juyo gare ta. Yarinya 'yar shekara biyu ta tsaya tana kallona.

Da la'asar kofin ya ragu rabi. Zafi ne, na sani. Ina jin tsoro, ban kuma san wa nake tsoro ba, shi ko ni.

Asabar, 22 ga Mayu

Sani ya zo jan akuya, na ce ya bari sai kasuwa mai zuwa, tana ɗingishi. Ya duba ƙafarta, ya dube ni. Ya bar mini batirin aro na wani abokinsa, ya nuna mini inda zan maƙala wayoyi ja da baƙi in abu ya yi tsanani.

Yana fita aka ɗauke kuran. Ina durƙushe ina tatsa, A'i ta riƙe bakin ƙwarya. Kukan ondilar ya fara, ya ƙara sauri. Daga inda nake ina hango batirin a bakin ƙofa. In na tashi akuyar za ta ture ƙwaryar, shi ne kawai dalili.

Sai kukan ya yanke. Ban taɓa sanin ɗakin nan yana da shiru haka ba. Cikin shirun aka kira sunana, sau ɗaya, a hankali. Na ci gaba da tatsa.

Inna ta leƙo ta ce ko na ji wani abu. Na ce a'a. A'i ta shanye nonon, ta miƙo ƙwaryar a ƙara mata.