Huji Biyu a Tayar Malam Bala

Laraba, bayan isha'i

Yau Kawu Sale ya bar min wurin faci ni kaɗai, satina biyu kacal a Abakpa. Malam Bala mai keke napep ya kawo tif ɗin tayarsa, na hura na tsoma a ruwa. 'Yan kumfa suna fitowa a hankali, sai su kumbura su ƙara gudu kafin su kai sama. Me ke korarsu haka? Ina ta kallo har na manta ban juya ɗaya gefen ba. Ashe huji biyu ne, ɗaya kawai na yi wa faci.

Tayar ta sace masa a Unguwar Rimi, ya dawo yana turi, yana faɗa. Kawu, wanda ya riga ya dawo, ya ce, "Yi haƙuri Malam, ni na yi facin."

Wajen cin tuwo har nama Kawu ya turo min. Na bar shi a gefen kwano.