Hannun da Aka Nuna a Talabijin Nawa Ne

Assalamu alaikum Anti mai wannan fili, ina gaida ki da masu karatu, da fatan kowa lafiya. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk mai son zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna, ni ma na gaji da zagin kaina.

Ina tsaye ina wanke shinkafa da rana, talabijin na ta surutu da yaren ƙasar da muke zaune, sai na ɗaga kai na ga hannuna. An tsayar da hoton, an zagaye shi da jan layi: baƙin hannu da jan lalle, yana miƙa wa wani Bature ƙosai. Fuskar a naɗe take da mayafi har ido saboda sanyi, amma wa zai kasa gane hannunsa? Robar shinkafar ta suɓuce mini.

Ni 'yar Ƙofar Sauri ce a Katsina, ina gama sakandare aka yi mini aure. Maigidana yana cikin waɗanda gwamnati ta tura karatun likita waje yanzu da kuɗin mai ya yawaita, sai ya tafi da ni wata ƙasa a gabashin Turai wadda a da take kwaminisanci. Matan Hausawa biyu ne kaɗai a garin, ni da matar abokinsa, bari in kira ta Maman Walid. Tare muka ƙunsa lallen nan na Sallah. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da nake ce wa Iya. Ranar da na yi ɓari maigidana yana asibiti, Iya ce ta ji nishina ta bango, ta shigo ta gyara ni, ta yi mako tana kawo mini romo. Uwata ba za ta yi fiye da haka ba.

To da aka yi zaɓe a ƙasar, 'yan adawa suka ce an yi musu maguɗi, suka tare a dandalin gari. Iya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da mayafi shuɗi irin wanda ke wuyanta, ta yafa mini, ta yi alamar in zo. Ba zan yi ƙarya in ce ban san siyasa ce ba, na sani. Amma Anti, a Katsina maƙwabciyar da ta yi miki jinya ta kawo miki ankonta, da wane baki za ki ce a'a? Kuma ana zuwa sha'anin mutum hannu rabbana? Na jiƙa ɗan waken da ya rage mini, na soya ƙosai, na bi ta ba tare da na tambayi maigidana ba. A can na ga tantuna sababbi fil, da wasu baƙi masu Turanci suna sauke kwalayen mayafai daga mota. Na tambayi jikar Iya su wane ne, ta yi dariya ta ce, “Ƙungiyoyin waje ne. Su ma 'yan gwamnati, babbar ƙasar da ke maƙwabtaka da mu ce ke riƙe da su. Kowa da mai ɗaure masa gindi, mu dai sanyi muke sha.” Ban daɗe ba na dawo gida.

Da hannun nan nawa gwamnatinsu ta kafa hujja cewa har baƙaƙen fata aka yi haya daga waje don a kifar da ita. 'Yan sanda suka fara bin ɗalibanmu ɗaki ɗaki, makaranta ta dakatar da su, cikin 'yan kwanaki aka kwaso mu zuwa gida. Kafin 'yan sandan su zo ɗakinmu na goge tafina da ruwan wankin banɗaki har fata ta saɓule, na ce wa maigidana mai ne ya ƙona ni. Shi ya ɗaure mini da kansa yana cewa, “Sannu, ke dai ba ki iya zama babu aiki.” Da ya ga hoton kuwa tsaki ya yi ya ce, “Wannan ai Maman Walid ce, ita ce ƙafarta ba ta zama.” Na yi shiru. Shirun nan shi ne laifina, ya fi ƙosan nauyi.

Tun da muka dawo ba na iya cin abinci, ko babur ya tsaya a ƙofar gida sai in ɗauka ni aka zo nema. Maman Walid ta rantse har muryarta ta dishe, ba wanda ya saurare ta, mijinta ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta. Ta kira ni tana kuka, ta ce, “'Yar'uwa, ke kin san ranar ina gida Walid na zazzaɓi, ki faɗa musu mana.” Ba ta ce ni ce ba, alhali ta san lallenmu iri ɗaya ne. Na ce mata layi ba kyau.

Jiya bayan la'asar muka je GRA gaida yayan maigidana, babban ma'aikaci ne, shi ke bin maganar a ofis. Ina durƙushe ya ce, “Amarya, mi ya same ki kika rame haka? Kwantar da hankalinki. An gama bincike, an tabbatar matar wancan yaron ce, an cire shi daga tallafin karatu. Mijinki za a canza mashi ƙasa ya ƙarasa. Ku kun tsira, ba mai sake taɓa ku.” Maigidana ya yi hamdala har da hawaye, shekara ɗaya ta rage masa ya zama likita, gidansu kaf shi ake jira. Ni ma na ce Alhamdulillahi, da bakin nan nawa.

In na yi magana karatunsa ya tafi, wataƙila da aurena. In na ci gaba da shiru, ita tana gidan ubanta da yaro a kan ƙosan da ba ta soya ba. Fatar hannuna ta warke, amma lallen yana nan a farcena bai gama fita ba. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?