Alfijirin Inna a Tankin Lungu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya maigidanki, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Ruwan gishiri ne dai ya farfasa mini hannu, shi ma da sauƙi. Ina nan a shagon da muke kiwon murjani mai rai, irin wanda ke tsirowa a ƙarƙashin teku, a tankunan gilashi. Aikina saita fitilun da ke bisansu: shuɗin haske ya keto kamar alfijir, ya yi ƙarfi da rana, ya dushe da yamma.

Tankin da ke lungu kuwa, tun zuwana ƙasar nan na saita fitilarsa da agogon gida, don a nan gari na riga can wayewa da sa'o'i da dama. Da ya fara haske sai in ce yanzu Inna ta buɗe tagarta, tana faɗan wa ya bar mata buta ba ruwa. Kwanan baya mai shago ya lura. Ya ce, "Me ya sa wannan sai da tsakar rana gari ke waye masa? Gyara shi, amma a hankali. In ka sauya lokaci ɗaya, murjanin zai koɗe ya mutu."

Don Allah kada ku rufe tagar nan tata, ko da ba kowa a ɗakin.

Kullum ina matsar da alfijirin tankin kaɗan-kaɗan zuwa agogon nan. Mai shago ya ce da haka murjanin yake sabawa. Ni dai, Yaya, har yau ban saba ba.

Ƙaninki