Kalma Ɗaya, Bakin Teku Biyu

Batangas, Talata

Ƙanwata Perpetua,

Ina gaishe ki, ina miki ta'aziyya, ni ma a yi min. Saƙon wayarki ya iso: "Su Dulo nalunod." Ƙanena ke nan, mijinki, ruwa ya ci shi.

Ban yi kuka ba. Sau nawa na gaya wa Gaudencio cewa jirginsa ruɓaɓɓe ne, katakon sai ka huda shi da yatsa? Ya yi dariya, ya tura Dulo kamun kifi can wajenku. Jiya na ga Gaudencio a filin faɗan zakaru, yana washe baki kamar ba shi ya yi kisa ba. Na wasa wuƙata. Ranar Lahadi zai fito daga coci, a nan zan farke masa ciki. Kada ki ba ni haƙuri, ba na so.

Yayanki,
Nemesio

Bantayan, Jumma'a

Yaya Nemesio,

Gaisuwa da girmamawa. Don Allah ka ajiye wuƙar nan! Dulo na nan da ransa, ga shi gabana yana cin busasshen kifi. Kwana ya yi rungume da gora a teku, masunta suka tsamo shi.

Kai wane irin mutum ne da ba ka tambaya? A bakinmu na Cebu, nalunod jirgi ne ya nutse. Idan mutum ruwa ya ci, nalumos muke cewa. Ni ina na san ku Tagalog kun ɗora kalmar a kan mutum? Dulo ya ce da ya ga saƙon da ya gyara, amma yana kwance lokacin. Tsoro ya hana ni cin abinci. Ka amsa da gaggawa.

Taka cikin ladabi,
Perpetua

Kurkukun lardi, Laraba

Perpetua,

Ina gaisuwa. Takardarki ta zo Litinin, gandiroba ya miƙo min. Tun ranar Lahadi na yi wa Gaudencio sara uku a matakalar coci, a gaban matarsa.

Ki riƙe Dulo, kada ya zo duba ni. 'Ya'yan Gaudencio sun ji yana raye. Sun ce tunda a kan mataccen ƙane na kashe ubansu, za su sa mutuwar ƙanen ta zama gaskiya.

Ku huta lafiya,
Nemesio